Wanda ya kai mutum kotu, shi zai biya tafinta

Aikina tafinta ne. Ina tsayawa tsakanin alƙali da mutumin da aka gurfanar a gabansa, in mayar da maganar kotu Hausa, in mayar da maganar mutumin harshen kotu. Yawancin waɗanda ake kirana dominsu baƙi ne: 'yan ci-rani, masu neman mafaka, waɗanda bizarsu ta ƙare suka ci gaba da zama, da waɗanda suka shigo ta sahara ko ta teku ba takarda ko ɗaya a aljihunsu. Gwamnati ce ke biyana, kuma biyan nan shi ne abin da ke tsaya wa wasu a rai. Na ji ƙorafin daga bakin 'yan ƙasa, na kuma ji shi daga bakin baƙin da suka daɗe suka samu takardu suka zauna daram. Wai don me za a ɗebi kuɗin haraji a ɗauko wa wanda ya keta doka tafinta? Shi ya kawo kansa, ya nemo mai yi masa fassara.

Mutumin bai kawo kansa kotu ba, hukuma ce ta kawo shi. Ita ta kama shi, ita ta rubuta tuhumar, ita ta zaɓi harshen da za a yi shari'ar da shi. Tana biyan alƙali, tana biyan mai gabatar da ƙara, tana biyan magatakarda da gandiroba da motar da ta ɗauko shi daga gidan yari, ba wanda ya taɓa cewa a tura wa wanda ake tuhuma lissafin waɗannan. Sai a kan tafinta kawai ake tuna tsada. Ga shi kuwa alƙali ya fi kowa buƙatata a ɗakin. Idan babu ni, shi ma kurma ne a gaban wanda zai yanke wa hukunci: ba ya jin amsarsa, ba ya jin uzurinsa, bai san ko ya amsa laifi ko ya musa ba. Idan kuma aka ce baƙo ya biya da kansa, abu biyu za su faru. Mai hali zai zo da nasa tafintan, mai gabatar da ƙara ya yi ta zargin cewa ana gyara masa magana. Marar hali kuwa ya zauna shiru har a gama.

Dokokin duniya sun daɗe da raba wannan gardamar. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin jama'a da na siyasa ta 1966, a sashe na 14, ta ce duk wanda ake tuhuma da laifi yana da haƙƙin a ba shi tafinta kyauta idan ba ya ji ko ba ya iya magana da harshen kotu. Yarjejeniyar Turai kan haƙƙin ɗan Adam ta 1950 ta riga ta faɗi haka a sashe na 6. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya faɗa a sashe na 36, na Kanada ya ba da haƙƙin tafinta a sashe na 14 na kundin haƙƙoƙinsa. Na karanta waɗannan sassan, ban ga inda aka ce sai ɗan ƙasa ko sai mai fasfo ba.

An taɓa gwada yi wa haƙƙin kwana. Jamus ta kasance tana ba da tafinta lokacin shari'a, amma idan an samu mutum da laifi sai ta ɗora masa kuɗin. Mutum uku da aka yi wa haka, ɗan Birtaniya da ɗan Aljeriya da ɗan Turkiyya, suka kai ƙara Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai. A 1978, a shari'ar da aka sani da sunan Luedicke da Belkacem da Koç, kotun ta ce haƙƙin ba bashi ba ne da za a biyo mutum daga baya. Hujjarta ta kama hankali: wanda ya san za a iya cajinsa zai iya cewa ba ya so, don tsoron kuɗi, ya cuci kansa. A 2010 Tarayyar Turai ta mayar da wannan doka a kan ƙasashenta, ta ce gwamnati ce za ta biya ko yaya shari'ar ta ƙare. A Amurka kuwa shari'ar wani lebura ɗan Fotoriko ce ta buɗe ƙofar, Rogelio Negron, wanda aka ɗaure kan kisan kai bayan shari'ar da yawancin shaidunta suka yi magana da Turanci, shi kuma ana taƙaita masa abin da aka faɗa lokacin hutu. Kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ce a 1970 ba a yi masa adalci ba, a 1978 kuma aka kafa dokar tafintocin kotunan tarayya.

To, a takarda an gama magana. Abin da nake gani da idona daban ne, kuma ba rashin tafinta ɗungurungum ba ne ya fi ba ni tsoro. Wanda ba ya jin ko kalma ɗaya, kowa zai gane halin da yake ciki, a ɗage zama a nemo masa mutum. Wanda ke cikin hatsari shi ne mai jin kaɗan. Ya yi shekara yana aiki a ƙasar, yana gaisawa, yana ciniki, yana fahimtar umarnin maigidansa. Ɗan sanda ya tambaye shi sunansa, ya amsa. Shi ke nan, a rubuta cewa yana jin harshen. Daga nan a shiga karanta masa tuhuma mai sassa da ƙananan sassa, a yi masa bayanin beli da sharuɗɗansa, a gaya masa abin da zai rasa idan ya amsa laifi, shi kuma yana ta gyaɗa kai. Yana gyaɗawa ne don an raine shi a kan kada ya katse babba, don yana jin kunyar a ce bai gane ba, don yana tsoron kada neman tafinta ya ɓata wa alƙali rai. Baƙo makaho ne ko da yana da ido, a kotu kuwa har da kurumta.

Masu jin Hausa suna faɗawa wannan ramin ta wata hanya ta musamman. Ana duba ƙasar da ke kan takarda a yanke harshe. Ɗan Najeriya, a ce Turanci. Ɗan Nijar, a ce Faransanci. Wanda ya fito daga Cadi ko Sudan, a kawo masa Balarabe. Mutumin da bai taɓa zama a ajin boko ba sai a haɗa shi da tafintan harshen da yake ji a rediyo kawai. Ba mu kaɗai ba ne. A 1986 an ɗaure wani matashi ɗan Meziko, Santiago Ventura Morales, a jihar Oregon ta Amurka kan kisan kai. An ba shi tafintan Sifaniyanci tunda daga Meziko yake, alhali harshensa Mishtek ne, ɗaya daga cikin harsunan mutanen asalin ƙasar. Sai a 1991 aka soke hukuncin ya fito. A Ingila, wata mata 'yar asalin Pakistan, Iqbal Begum, ta amsa laifin kashe mijinta a 1981 aka yi mata ɗaurin rai da rai, bayan shekaru tana shan duka a hannunsa. A 1985 kotun ɗaukaka ƙara ta rushe shari'ar, domin tafintan da aka sa mata ba harshensu ɗaya ba, ba ta fahimci abin da ta amsa ba. Wani ɗan Lituweniya mai suna Vizgirda, da aka tuhuma da fashin banki a Sulobeniya, an yi masa fassara da Rashanci har aka ɗaure shi. A 2018 Kotun Turai ta ce aikin hukuma ne ta bincika ta tabbatar yana jin harshen sosai, kuma shirun da ya yi bai nuna ya yarda ba.

Ni kaina ana iya kirana inda ban dace ba. Miliyoyin mutane suna jin Hausa a matsayin harshe na biyu ko na uku, Fulani da Barebari da Zabarmawa da Buzaye da sauransu, wasu kamar a bakin uwa suka sha, wasu iya na kasuwa. An taɓa kirana domin wani dattijo da aka rubuta masa Hausa a takarda. Muka gaisa lafiya lau. Da na fara karanta masa tuhumar sai na ga idonsa yana bin bakina ba ya bin maganar. Na nemi izinin kotu na tambaye shi: "Baba, da wane harshe kuke magana da iyalinku a gida?" Ya faɗa, ba Hausa ba ce. Na juya na ce: "Ya Mai Shari'a, tafinta na sanar da kotu cewa Hausar wannan bawan Allah ba za ta ɗauki shari'a ba, yana buƙatar mai jin harshensa." Aka ɗage zaman, ba kowa ya ji daɗi ba. Wannan wajibi ne a kan duk wanda ya yi rantsuwar aikin nan, kuma tafintan da ake biya kuɗi ƙalilan a kan kowane zama shi ya fi samun jarrabawar ya yi shiru ya ƙarasa.

Akwai hanya mai sauƙi da alƙalai na gari ke bi. Ba sa tambayar mutum ko ya gane, domin amsar kullum ɗaya ce. Cewa suke yi ya faɗa da bakinsa abin da ake zarginsa da shi, da abin da zai same shi idan ya amsa. Minti biyu sun isa a san gaskiya. Nauyin kuwa a wuyan alƙali yake. A shari'ar Cuscani, wani ɗan Italiya mai gidan abinci a Ingila da aka tuhuma da zambar haraji, tafinta bai zo ba ranar yanke hukunci, lauyansa ya ce a ci gaba, ɗan'uwansa na nan zai taimaka. Alƙali ya yarda. A 2002 Kotun Turai ta ce bai kamata ya yarda ba, domin shi ne mai tsaron adalcin shari'ar na ƙarshe, ko lauya ya yi sakaci.

Maganar ɗan'uwa ta kawo ni ga abin da ya fi ci mini rai. Inda hukuma ta ƙi biya, dangi ake jawowa. Na ga an zaunar da yaro ɗan makaranta ya fassara wa mahaifiyarsa takardar korarsu daga ƙasa. Na ga mace da ya kamata ta faɗi abin da aka yi mata a hanya, irin abin da ko ga 'yar'uwarta da ƙyar za ta faɗa, an kawo mata namiji daga cikin mutanen da take zaune da su. Ta tsallake wurin, ta ce an dai wahalar da su. Abin da ta tsallake shi ne ginshiƙin neman mafakarta. Ɗan'uwa yana sassauta magana don tausayi, yana ƙara abin da yake ganin zai taimaka, yana ɓoye abin kunya, gobe kuma labarin ya zaga gari. Tafintan da hukuma ta ɗauka, ta jarraba, ta rantsar, yana da dokar riƙe sirri a kansa, ana iya cire sunansa daga rajista idan ya karya ta.

Kuma shari'a ba a ɗakin kotu take farawa ba. A caji ofis take farawa, sau da yawa da tsakar dare, mutum a gajiye, a firgice. Bayanin da aka rubuta a daren nan shi zai bi shi har ƙarshe. Duk abin da ya faɗa daga baya wanda ya saɓa da shi, za a ce ya canja magana. Rizana Nafeek 'yar Siri Lanka ce da ta je aikatau Saudiyya a 2005. Jaririn gidan da take aiki ya rasu a hannunta, ta ce shaƙewa ya yi lokacin da take ba shi madara. An samu ikirari daga bakinta ba lauya a gefenta, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam kuma suka yi ta nanata cewa wanda ya yi mata fassara bai ƙware a harshenta na Tamil ba. Ta janye ikirarin daga baya. An zartar mata da hukuncin kisa a watan Janairun 2013. Mukan ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi. Gaskiyar da ba ta isa kunnen alƙali ba, ba ta kare mai ita a kotu. Shi ya sa dokar Turai ta 2010 ta haɗa da tambayoyin 'yan sanda, da ganawar mutum da lauyansa, da fassara manyan takardu a rubuce, wato tuhuma da umarnin tsarewa da hukunci. Tafintan da ya bayyana ranar shari'a kawai ya zo a makare.

Akwai wani giɓi da masu ƙorafin haraji ba su san da shi ba. Yawancin manyan alkawuran da na ambata a kan shari'ar laifi suke. Shari'ar da ta fi shafar baƙo, wadda za a yanke ko ya zauna ko a tasa ƙeyarsa, ba a lissafa ta cikin shari'ar laifi. Kotun Turai ta faɗa a 2000, a shari'ar Maaouia da Faransa, cewa sashe na 6 na yarjejeniyar Turai bai shafi korar baƙo ba. A Amurka kotun shige da fice tana ba da tafinta, amma ba ta ba da lauya kyauta, don haka mutum kan tsaya shi kaɗai gaban lauyan gwamnati, muryar tafinta ce kawai abin da yake fahimta a ɗakin. Tarayyar Turai ta toshe wani ɓangare na giɓin a dokarta ta 2013 kan neman mafaka, inda ta ce a biya tafinta daga baitulmali. A ganina bambancin nan ba shi da tushe a wurin wanda abin ya shafa. Ɗaurin wata shida kan sata ya fi sauƙi a kan mayar da mutum hannun waɗanda ya gudo wa. Neman mafaka kuma kusan dukkansa a kan labari yake tsaye: babu shaidu, babu takardu, sai ko an gaskata ka. Jami'i yana ɗora hirar farko a kan ta biyu yana neman saɓani. Idan tafintan farko ya juya wata ko shekara, ko ya mayar da ƙanin uba ya zama wa, saɓanin a kan mai labarin za a rubuta shi.

Gwamnatoci da yawa sun yarda su biya, amma suna neman mafi araha, araha kuwa ba ta ado. Ingila ta kafa rajistar ƙwararrun tafintoci a 1994. A 2012 ta miƙa aikin tafintan kotuna ga kamfani ɗaya bisa kwangila, aka rage abin da ake biya, ƙwararru da yawa suka ƙaurace, aka yi ta ɗage shari'o'i don ba wanda ya zo ko wanda ya zo bai iya ba, har kwamitocin majalisar dokoki suka yi bincike suka soki yadda aka tafiyar da abin. Kowace ɗagewa tana nufin alƙali da lauyoyi sun ɓata yini, wanda ake tsare da shi ya koma gidan yari gwamnati na ci gaba da ɗawainiyarsa. Wanda ke lissafin kuɗin haraji da gaske ya sa wannan a ma'auni, ya sa kuɗin sake shari'a, ya sa shekarun da aka ɗaure marar laifi mai laifin na yawo.

Aikin ba jin harshe biyu ba ne kawai. Sai ka riƙe doguwar magana a ka, ka mayar da ita ba ragi ba ƙari, da shakkar mai maganar da in-inarsa, domin alƙali da su yake auna gaskiya. Sai ka san ma'anar kalmomin shari'a a ɓangarorin biyu. Ƙwaƙwalwa tana gajiya da sauri, shi ya sa tun shari'ar Nuremberg ta 1945 da aka yi wa shugabannin Nazi na Jamus, inda aka yi fassarar kai-tsaye cikin harsuna huɗu, ake aikin da karɓa-karɓa. Yau sai a bar mutum ɗaya tun safe har la'asar, ko a haɗa shi ta waya mai ƙara, ba ya ganin fuskar kowa, bai san wa ke magana ba. Yanzu kuma ga masu tallan fassarar na'ura. Na'urar ba ta rantsuwa, ba ta ɗaga hannu ta ce ba ta ji ba a maimaita, tana fitar da jimla mai santsi ko ta dace ko ba ta dace ba, kuma rauninta ya fi yawa a harsunan da ba su da rubutu mai yawa a intanet, waɗanda su ne harsunan yawancin baƙin da nake gani. Kotun Ƙolin Kanada ta shimfiɗa ma'auni a 1994 a shari'ar Tran: fassara ta kasance ba yankewa, daidai, daga ƙwararre, ba son kai, kuma a lokacin da ake maganar. Duk tsarin da ya kasa cika waɗannan, bai cika haƙƙin ba, ko nawa aka kashe.

Abu ɗaya da nake roƙo a ko'ina shi ne a naɗi murya, ta harsunan biyu, tun daga caji ofis. A kotuna da yawa abin da tafinta ya faɗa da harshen kotu kaɗai ke shiga kundi. Abin da mutumin ya faɗa da bakinsa ya bi iska. Idan an yi kuskure babu yadda za a gano shi a ɗaukaka ƙara. Naɗin yana kare wanda ake tuhuma, yana kare tafintan kirki daga zargi, yana tona marar ƙwarewa.

Masu ƙorafi su kuma tuna cewa baƙo ba kullum ne wanda ake tuhuma ba. Wani lokaci shi aka cuta, wani lokaci shi ne kaɗai ya ga abin da aka yi wa ɗan ƙasa. Ranar da shaidar da za ta ƙwato maka haƙƙinka take bakin wanda ba ya jin harshenka, za ka so a ce akwai tafintan da kotu ta amince da shi.

Ga wanda ke zaune a ƙasar da ba tasa ba, ko yake da ɗan'uwa a can: idan hukuma ta tsare ka, ka faɗi sunan harshen da ka fi ji tun farko, ka nanata, ka ce a rubuta. Neman tafinta ba raini ba ne, ba ya ƙara laifi. Kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka da harshenka ba. Idan ba ka fahimtar tafintan da aka kawo, ka faɗa a take, a gaban alƙali, domin abin da ba a faɗa a lokacin ba yana da wuyar tayarwa daga baya. Yarjejeniyar birnin Biyana (Vienna) ta 1963 ta ba ka damar a sanar da ofishin jakadancin ƙasarka, amma idan gwamnatin ƙasar ka gudo wa, kana iya ƙi, kuma ka gaya wa lauyanka dalili. Ka kuma san cewa tafinta ba lauyanka ba ne. Mutane kan ji Hausa a bakina su saki jiki, su raɗa mini, "Ɗan'uwa, me kake ganin zan ce?" Ba ni da ikon ba da shawara, kuma duk abin da aka faɗa a zaman kotu dole in mayar da shi yadda aka faɗa. Sirrinka ka ajiye wa ganawarka da lauya, a can ma za ka iya neman a kira maka tafinta.